Waya biyu a rami ɗaya, matsalar da ke kashe kulasta a Legas

Duk wanda yake Legas ranar Alhamis 14 ga Maris 2024 ba zai manta ba, azumi na huɗu ne, netwok ya fara ja da baya, transfa ta ƙi tafiya, masu POS a nan Agege sun zauna jugum suna kallon na'ura tana ta juyi, mai sayen kayan buɗa-baki yana tsaye ga kuɗi a asusu amma babu halin biya. Da yawa sun ɗauka layinsu ne ya lalace, ana ta cire sim ana mayarwa. Ashe abin daga can ƙasan teku ne wajen gaɓar Kwaddibuwa, manyan wayoyin intanet guda huɗu suka samu matsala kusan a tare, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, kuma bayanin farko da MainOne suka fitar ya nuna motsin ƙasa ne a ƙarƙashin ruwa ya jawo. Gyaran ya ɗauki makonni don sai an kawo jirgin ruwa na musamman ya ciro wayar an ɗinke ta.

Abin da ya tsaya min a rai tun lokacin shi ne akwai kamfanonin da suka biya kuɗin layi biyu daga wurare biyu daban, a takarda suna da madadi, in wannan ya mutu wancan ya ɗauka, to amma duka biyun ta wuri ɗaya suka ratsa a cikin teku, abin da ya ci ɗaya shi ya ci ɗayan. Waɗanda suka ɗan samu sauƙi su ne masu hanya ta Equiano, wayar Google da ta iso Legas a Afrilun 2022, ko Glo-1, don su abin bai taɓa su ba.

Ni aikina a tudu yake, haɗa kayan netwok a ɗakunan sabar, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai da ayyukan kamfani, kayan kuwa su ne suwic, akwatin da ake jona na'urori a jikinsa don su yi magana da juna, da rauta da faiba da sauran tarkacensu, yau Ikeja gobe Lekki, kuma wallahi wannan abu da ya faru a teku shi nake gani kullum a cikin ɗaki ɗan ƙarami mai rak ɗaya ko biyu, wato kabad ɗin ƙarfe da ake jera na'urori a ciki. Shi ya sa nake so ƙannenmu masu shigowa wannan sana'a su fahimce shi tun da wuri.

Ita kulasta ba wani abu ba ne illa sabar da yawa, uku ko biyar ko ɗari, da aka haɗa su suna aiki kamar guda ɗaya, ta yadda in ɗaya ta faɗi sauran su ɗauke mata kaya mai amfani bai ma sani ba. To ta yaya sauran za su san 'yar uwarsu ta faɗi? Ta gaisuwa. Kowace sabar tana aika wa sauran ɗan saƙo ba dare ba rana, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, ina nan, kina nan? ina nan, kina nan? Ranar da aka yi sallama aka ji shiru sai a ce ta mutu a raba gadonta. Matsalar ita ce shiru iri biyu ne, akwai shirun wadda ta mutu da gaske, akwai shirun wadda tana nan da ranta wayar da ke tsakani ce kawai ta katse, kuma daga nesa ba ka iya bambance su. In aka yi rashin sa'a kowane ɓangare ya ɗauka shi ne ya rage, sai ka samu sarki biyu a gari ɗaya, wannan yana rubuta bayanai wancan ma yana rubutawa a kan abu guda, nan ya ce asusun wane dubu hamsin ne can ya ce dubu talatin, kuma in waya ta dawo babu mai iya cewa ga na gaskiya. Wannan ya fi mutuwar sabar muni nesa ba kusa ba, don mutuwa ana tadawa, amma bayanan da suka cakuɗe sai dai a koma bakof a yi asarar abin da ya shigo a tsakani.

Maganin da aka samo shi ne rinjaye. Shi ya sa za ka ga ana son uku ko biyar maimakon biyu ko huɗu. A cikin uku, duk ɓangaren da ya ga kansa su biyu ne ya ci gaba da aiki, wadda ta ga kanta ita kaɗai ta ajiye komai, a manhajojin kulasta irin su Proxmox ma in an kunna tsarin ɗaukar kaya, sabar da ta rasa rinjaye da kanta take sake tashi bayan kamar minti ɗaya don kar ta yi ɓarna. Yanzu ka duba da kyau, in sabar uku nan duk a suwic ɗaya aka jona su kuma suwic ɗin ya mutu, kowacce za ta ga kanta ita kaɗai, kowacce za ta ajiye aiki, sabar uku lafiyarsu ƙalau fitilunsu kore amma kamfani a tsaye.

Nan ne nake yawan samun saɓani da masu gida. Oga zai fitar da miliyoyi ya sayi sabar uku manya na Dell ko HP bai ko yi ciniki sosai ba, amma ka ce masa suwic biyu ake buƙata sai ya ce Malam ai fot 48 na jona waya ne da shi, ko rabi ba mu cika ba, na biyun na mene ne? Sai na ce Yallabai ba don cika ba ne, don ranar da zai mutu ne, kuma zai mutu, ko fankarsa ko fawarsa da ke ba shi wuta ko kuma ranar da za mu sabunta manhajarsa dole ya sake tashi. Ka'idar ita ce kowace sabar ta samu waya biyu, ɗaya zuwa suwic na farko ɗaya zuwa na biyu, a haɗe su da LACP su zama kamar hanya ɗaya mai layi biyu, in da hali ma wayoyin su fito daga kati biyu daban a cikin sabar ɗin, don kati ɗaya mai fot biyu in ya ƙone da duka biyun yake tafiya. Sannan akwai wani tarko da da yawa ba su lura da shi, wato a ɗauki suwic biyu a yi musu sitak su zama ɗaya. Yana da daɗin sarrafawa kam, adireshi ɗaya saiti ɗaya, sai dai ƙwaƙwalwarsu ta zama ɗaya, a yawancinsu ranar sabunta manhaja tare suke kwanciya, in kuma manhajar ta rikice tare suke rikicewa. Shi ya sa a wurin da ake da kuɗi nake zaɓar irin tsarin da kowane suwic ke da kansa amma suna magana da juna, Cisco suna kiran nasu vPC, Arista suna cewa MLAG, sai ka sabunta ɗaya ka jira ka ga lafiya sannan ka taɓa ɗayan.

Ita kuma gaisuwar nan da na faɗa, a ware mata hanyarta. Na sha ganin an zuba komai a waya ɗaya, gaisuwa da ma'ajiya da bakof da zirga-zirgar masu amfani. Kullum lafiya lau, sai ranar da faifai ɗaya ya mutu Ceph, manhajar da ke kula da ma'ajiyar bayanai, ta fara kwafe bayanai don ta maido da kwafi uku da ta saba ajiyewa, hanya ta cika maƙil kamar Oshodi da yamma, 'yar gaisuwa ta maƙale a baya ba ta isa a kan lokaci ba, sabar suka ɗauka 'yan uwansu sun mutu suka fara sake tashi ɗaya bayan ɗaya. Faifai ɗaya fa ya mutu. Gaisuwa ba ta cin komai, waya mai gigabit ɗaya ta ishe ta har ta yi yawa, abin da take so kawai kar a tare mata hanya.

Sai wuta, wadda a garin nan ita ce uwar matsaloli. Ko kana Band A da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana aka kuma kai kuɗinsa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ɗaukewa dole ce, kuma tsakanin ɗaukewar NEPA da tashin janareto akwai 'yan daƙiƙoƙi da UPS ne kaɗai ke riƙe da kai. Suwic na kirki yana zuwa da fawa biyu a bayansa. An taɓa kirana wani ofis a Ikeja da asuba wai komai ya tsaya, na je na zagaya bayan rak da tocila, suwic biyu ne kamar yadda ya kamata, kowanne fawa biyu, wayoyin wuta huɗu baƙaƙe masu kauri an ɗaure su tsaf gwanin sha'awa, na bi su da hannu har ƙasa sai ga su duka huɗun a jere a soket ɗaya dogo, shi kuma yana kan bireka ɗaya, birekar ta faɗi cikin dare. Wanda ya yi aikin ya sayi komai biyu-biyu, bai yi ha'inci ba, kawai bai bi waya ya ga inda ta ƙare ba. Yadda ake yi shi ne layin wuta biyu, na hagu da na dama, kowanne da birekarsa da UPS ɗinsa, kowace na'ura ta sha daga duka biyun, kuma kar ka ɗora wa kowane layi fiye da rabin ƙarfinsa don ranar da ɗaya zai faɗi ɗayan ne zai ɗauki kayan duka. Batir ɗin UPS kuma zafi ne ajalinsa, an yi shi ne don wajen digiri 25, duk ƙarin digiri 10 yana cin kusan rabin rayuwarsa, to ka ga wanda aka ajiye a lungun da AC ba ya kaiwa zai nuna maka kore har ranar da za a ɗauke wuta ya riƙe daƙiƙa biyar ya saki.

Wani abu ƙarami da ke haɗe da wuta: a suwic irin na Cisco saitin da ka yi yanzu yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi sai ka adana shi. Mutum ya yi gyara ƙarfe biyun dare, komai ya yi aiki, ya tafi gida bai adana ba, wata huɗu babu abin da ya faru, ranar da wuta ta ɗauke suwic ya tashi da tsohon saiti, kuma babu wanda ya tuna me aka canza. Ka adana, ka kwafe saitin ka ajiye a wani wuri da ba cikin kulastar ba.

Iska ma haka. Sabar tana shaƙar sanyi ta gaba ta fitar da zafi ta baya, fot ɗinta kuma a baya suke, don haka suwic na saman rak ana juya shi ne fuskarsa ta kalli baya don wayoyi su yi kusa. In ka sayi wanda fankarsa ke jan iska ta wajen fot, to ka sa shi yana shaƙar zafin da sabar ke fitarwa kenan dare da rana. Ana sayar da su iri biyu, kuma akwai launi a jikin hannun fanka da na fawa, ja ko shuɗi, da ke nuna inda iska ke bi, ka duba littafin kamfanin kafin ka biya kuɗi don bayan kaya sun iso Legas canji wahala ne. Iskar da ke shiga na'ura ana son ta tsakanin digiri 18 zuwa 27, guraben da babu komai a rak a toshe su da marfi kar zafin baya ya zagayo gaba. Masu Lekki da Victoria Island kuma ga danshi ga gishirin teku, ɗakin da ake barin ƙofarsa a buɗe za ka ga tsatsa a jikin sukurori cikin ɗan lokaci.

To bari in zo kan waya kanta, don a nan araha ke cutar da mu. Kebul na tagulla iyakarsa mita 100, Cat6 yana ɗaukar gigabit 10 ne zuwa wajen mita 55 kawai, in kana son cikakken 100 sai Cat6A. A kasuwa, ko Computer Village ko Alaba, akwai na gaske akwai na bogi, kwali iri ɗaya mita 305 iri ɗaya, amma na bogin alminiyom ne aka shafa masa tagulla a sama. Ka fere ɗan guntu ka kankare da wuƙa, in ka ga fari ya fito a ciki ka ajiye musu kayansu, ko ɗaga kwalin ma ka yi za ka ji bai kai na gaske nauyi ba. A cikin rak ɗaya tsakanin sabar da suwic ni na fi son DAC, wato gajeren kebul mai kai a haɗe, mita 3 zuwa 5, ba shi da tsada kuma ba ya son wani lallashi. In nisa ya wuce haka sai faiba, akwai mai launin ruwan ɗorawa da ke zuwa kilomitoci, da mai launin ruwan teku ta cikin gini wadda OM3 ɗinta ke kai gigabit 10 zuwa mita 300, kuma 'yan kawunan SFP da ake cusawa a fot don jona faiba, na ɓangare biyun dole su zama jinsi ɗaya, wasu suwic ɗin ma ba sa karɓar kan da ba na kamfaninsu ba sai ka tabbatar tun kafin saye.

Faiba ba ta son datti ko kaɗan. Cibiyar ruwan ɗorawar nan inda haske ke bi maikuron 9 ce, gashin kai ya ninka ta sau da yawa, ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta rufe ta. Akwai wata kulasta da ta wahalar da mu kusan sati biyu, ba ta mutu ba ba ta kuma yi lafiya ba, fitila kore, ping, ɗan saƙon gwajin layi, yana tafiya, amma lokaci-lokaci ma'ajiya ta yi nauyi kamar ana jan ta da igiya. Irin wannan ya fi mutuwa wahala don da layin ya mutu gaba ɗaya da tuni na biyun ya ɗauka, amma tunda yana numfashi sai aka ci gaba da tura masa kaya. Da muka duba lissafin fot ɗin sai ga kurakuran CRC, wato saƙonnin da suka iso a lalace, suna ta hawa, ƙarfin hasken da ke isowa ya yi ƙasa da na maƙwabcinsa. Na zare kan na sa a madubin duba faiba na miƙa wa yaron da ke koyon aiki a wajena, ya leƙa ya ce Oga kamar an shafa mai. Shatin yatsa ne, wani ya taɓa bakin da hannu ranar da aka jona. Muka goge da alƙalamin gogewa, ƙas ƙas sau biyu, muka mayar, kurakurai suka tsaya cak. Tun ranar ba ya cire murfin kan faiba sai zai jona, kuma na hana shi leƙa bakinta da ido tsirara don hasken ba a ganinsa amma yana illata ido. Kar kuma a lanƙwasa ta da ƙarfi ko a shaƙe ta da abin ɗauri na roba, a yi amfani da mai mannewa a ɗaure sako-sako.

Irin wannan ciwo mai ɓoyewa akwai shi a saiti ma, girman fakiti, wato ƙunshin saƙo ɗaya da ke bi ta netwok, na yau da kullum bayit 1500 ne, masu ma'ajiya suna ɗaga shi zuwa 9000, in aka manta fot ɗaya a hanya ba a ɗaga ba sai ƙananan saƙonni su wuce manya su maƙale, kai kuma kana ta ping kana cewa lafiya.

Lamba a jikin waya kuwa, kai da gindi, ba ado ba ne. Ƙarfe ukun dare ido ya yi nauyi, wayoyi sittin launi ɗaya, oga yana kira kowane minti biyar, a nan ake zare mai lafiya a bar marar lafiya, ko a jona waya ta dawo cikin suwic ɗin da ta fito saƙo ya yi ta zagaye har netwok ya shaƙe, abin da Radia Perlman ta ƙirƙiro wa magani tun 1985 amma har yau ana samun wanda zai kashe kariyar don wai tana jinkirta tashin fot. Sannan a yi wa kayan ƙofar baya ta shiga daga nesa ranar da netwok ya mutu, ɗan suwic daban mai araha da aka jona iDRAC ko iLO, wato fot ɗin sarrafa sabar daga nesa, da kuma fot ɗin konsol da ake saita manyan suwic ta cikinsa, da layinsa na waje daban ko da na sim ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace kusan awa shida saboda umarni ɗaya da aka bayar lokacin gyara ya katse hanyoyin cibiyoyinsu, kuma abin da ya ƙara ja musu lokaci shi ne hanyar shiga daga nesa ita ma ta tafi, sai da aka tura injiniyoyi da ƙafarsu. Su kenan. Kai da kake Agege kayanka suna Lekki, ga gadar Third Mainland kusan kilomita 12 ga gosulo ga ruwan sama, kuskuren da za ka gyara a minti biyu daga kan katifarka zai zama awa uku.

Kayan ajiya kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sabon suwic ya fi ƙarfin ƙananan kamfanoni da yawa, kowa ya koma tokumbo. Ni ban ƙi tokumbo ba, akwai masu kyau sosai, amma in za ka saya ka sayi uku, biyu a rak ɗaya a kabad an riga an zuba masa saiti, da fawa da fanka da 'yan kawunan SFP na ajiya, don ranar da abu zai mutu ba ranar neman dala da jiran kaya su fito daga kwastan ba ce. Wanda kuma ya ga ba zai iya riƙe wuta da sanyi da kansa ba, gara ya kai rak ɗinsa haya irin su Rack Centre a Ikeja ko MDXi a Lekki inda aka gina wurin don a iya gyara kowane sashe ba tare da an kashe ba, sai dai ko a can layin wuta biyu za su miƙo maka, yadda ka jona su a cikin rak ɗinka ruwanka ne.

Duk wannan biyu-biyun kuma ba na yarda da shi sai na gwada. Kafin in miƙa aiki nakan sa mai gida ya tsaya a wurin, in zare wayar wuta ta hagu mu ga, in mayar in zare ta dama, in kashe suwic na farko gaba ɗaya muna kallon allo. Gabansu yana faɗuwa, wani ya ce Malam a bari mana tunda yana aiki, sai in ce Yallabai gara mu kashe shi da hannunmu yau Asabar muna tsaye da mu jira ya mutu da kansa ranar biyan albashi. Kuma a maimaita gwajin lokaci-lokaci, don wata shida ya isa wani ya zo ya ari soket ko ya matsar da waya.

Na ƙarshen da na fi jin tsoro shi ne wanda ke wajen gini, don shi ba ya cikin ikonka. Kamfani biyu sun kawo maka faiba, kowanne da takardarsa da kuɗinsa, amma sau da yawa ɗaya haya yake a bututun ɗayan, ko kuma duka sun bi gefen kwalbati ɗaya sun shigo ta rami ɗaya a bakin get, mai katafila yana aikin titi ya sa haƙori sau ɗaya ya kwashe su tare. Yanzu duk wurin da za mu karɓi layi biyu sai na nemi taswirar hanyar kowanne, in kuma ba su bayar ba mu fita da ƙafa. Watan jiya haka muka yi da yaron nan, muka bi layin farko daga bayan gini muka ɗaga murfin rami, muka bi na biyu ta ɗaya gefen muna murna ya bi wata hanya daban, muka yi tafiyar kamar minti goma a rana har mahaɗar titi, ya durƙusa ya haska tocila a ramin da ke wurin ya ɗago ya ce Oga ga su nan duka biyun. Mun rubuta wa mai gida a ranar, yanzu ana neman wanda zai kawo na uku ta titin baya.